'Yar Ruwa a Gwangwanin Biskit

Asabar ɗin farko bayan ƙaramar Sallah, ina 'yar shekara tara, Kaka ta sa mu sharar ƙarƙashin matakala a gidan hayarmu na Levenshulme, a Manchester ta Ingila. Jinyar ido ta kawo ta daga Yawuri, amma wa ya isa ya zaunar da ita? Muna jan tarkacen tsofaffin 'yan haya, ga yana ga warin danshi, sai wani gwangwanin biskit ya faɗo ya tarwatse. Tsofaffin katunan Turawa ne masu hoto: maraƙi mai kai biyu, mace mai gemu, sai wata aba a akwatin gilashi, sama mutum ƙasa kifi, ta bushe ƙayau kamar kifin banda, baki a wangale. Ƙanena ya tuntsire da dariya. Kaka ta karɓi katin, ta kai shi dab da idonta mai gani, ta zauna daɓas a kan matakala.

Duk gidan mun san dalili. Autanta, Baffa Sule, kwalekwalensa ya kife a kogi tun ba a haife ni ba, kuma ba a ga gawa ba. Kaka ta hana zaman makoki. "'Yan ruwa ne suka riƙe shi, suna ciyar da shi, zai dawo," haka take cewa. Wanda duk ya ce mata Allah ya jiƙansa, sun ɓata ke nan.

Ranar da ta ga katin, magana ɗaya ta yi: "Ashe su ma suna mutuwa? To wa ke kula min da yaro?" Ta daina cin abinci. Tausayi ya kama Baba, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ƙarya ce fa. Biri aka ɗinke da wutsiyar kifi don 'yan kallo. Kin ga ɗinkin." Wallahi har gobe ina jin haushin bayanin nan. Ta daɗe tana bin ɗinkin da farce, sannan ta ce, "Babu su ke nan." Washegari ta sa Mama suyar waina, muka bi gidajen 'yan gida a Stockport Road muna raba sadaka. Ita kuwa ta shimfiɗa darduma a falo, ta karɓi gaisuwar da ta shekara da shekaru tana ƙi.

Yanzu ina Birmingham. 'Ya'yana kan ga irin hotunan nan a waya, su ce "fake", su wuce ko a jikinsu. Ni kam kewar Kaka nake yi, wadda muka tarbo a filin jirgi, lokacin ɗanta yana da rai.