Bin Sawun Kwamfutar da Aka Kyautar

Ana idar da sallar asuba muka bar Gumel, ranar Alhamis, ni da sakataren wata ƙungiyar makiyaya, a wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. An tsare shanun wani dattijo ɗan ƙungiyar a karar shanu ta kasuwar Maigatari, don wani daga tsallaken iyaka ya ce nasa ne aka sace. Masu kula da kara sun ce dattijo ya kawo shaida kafin la'asar, in ba haka ba a miƙa su ga mai ƙorafi. Shaidar kuwa akwai, don duk lokacin rigakafi ƙungiyar kan ɗauki hoton kowace saniya da mai ita a gefe. Sai dai tsawa ta ƙone kwamfutar sakatare a ruwan farkon mako.

Ni hankalina kwance yake. Bara na haɗa musu wata tsohuwar kwamfuta da aka yasar a sito, na sa mata faifan ajiya biyu, na cire allo da kibod, na jona ta da waya a kusurwar ofishinsu na Gagarawa. Aikinta kawai ta kwafe duk abin da aka ajiye a kwamfutocin ofis ta adana. Har tsokanar sakatare nake a hanya, ina nuna masa yadda gero ya yi kyau, shi kuwa ko ƙosan da muka saya a tasha ya kasa ci.

Muna shiga ofis dariyata ta ɗauke. Kusurwa wayam, sai waya a yashe a ƙasa. Muka tarar da shugaban ƙungiya a gida yana karyawa, muka tambaye shi ina kwamfutar.

"Wannan da ba ta da fuska?" in ji shi. "Ai na ba Malam na Sule Tankarkar tun kafin ruwa ya sauka. Ya ce makarantarsa na buƙata, ni kuma ban taɓa ganin wani ya taɓa ta ba. Amma ɗana, kada ku je ku ce a dawo da ita. Ban taɓa karɓe kyauta ba, ba kuma zan fara da malamina ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma dattijo ne, sai na haɗiye. Muka juyo. A Gumel manyan motocin kasuwa da Keke Napep sun cushe hanya, mai kuma ya yi tsadar da sai da direba ya yi salati kafin a zuba. Hanyar Sule Tankarkar duk kududdufai, kowanne muka shiga sai na riƙe numfashi, don na san in motar nan ta mutu a ciki mu ne injinta.

Ana gab da azahar muka isa. Abin da na fara gani a ƙofar gidan Malam shi ne kwamfutar, ɗaure da roba a bayan babur. Alhamis ba karatu, don haka yau ƙanensa zai kai ta Gumel a goge duk abin da ke ciki a zuba karatun Alƙur'ani. Gabana ya faɗi. Ga ta ina kallo, amma ba dama in yi magana, sai da aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, aka kawo fura da nono. Fura ce mai kyau, na sani, amma ban ji ɗanɗanonta ba. Ina jin an tayar da babur na ajiye ludayi, na fuskanci Malam.

"Allah gafarta Malam, ba karɓar kyauta muka zo yi ba. Akwai amanar mutane a cikinta, ita kaɗai muke so mu ɗauka."

Malam ya ɗaga wa ƙanensa hannu. "Amana kuma? To ai ba tawa ba ce. A sauke."

Muka jona ta da solar masallaci. Gari ya yi hadari, batir ya yi ƙasa, inbata mai juya wutar batirin sai kuka take. Na sa waya na haɗa ta da kwamfutata ta hannu, hotuna suka fara wucewa a hankali, sakatare na tsaye a kaina yana duba agogo. Hoto na ƙarshe na shiga wuta ta ɗauke.

Maigatari ranar kasuwa ba a gaggawa. Raƙuma, babura, masu canjin sefa, ƙamshin tsire, duk muka kutsa da ƙafa na rungume jaka. Mun tarar an fara kwance shanun. Na buɗe kwamfuta a kan benci, ana fito da saniya ina nuna hotonta da dattijo a gefe, mai ƙorafi yana ta ja da baya. Saura wata jar karsana mai tsagaggen kunne. Babu hotonta, don an yi mata rigakafi bayan an kyautar da kwamfutar. Dattijo ya ce ta 'yarsa ce. Na sake bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, har na hango ta a gefen hoton uwarta, tana ƙarama, ta leƙo kai da tsagaggen kunnen nan. Aka duba, aka sake dubawa, aka miƙa wa dattijo igiya. Ya dafa wuyan karsanar ya daɗe a haka.

Bayan magariba na shiga gida Gumel, ƙafafuna duk taɓo. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a wajenmu duk abin da aka gani a ajiye ba mai taɓawa, to an kusa yin alheri da shi. Washegari na haɗa wa ƙungiyar wata tsohuwar kwamfutar, na bar mata allonta, na sa jan fenti na rubuta a jikinta: "Tana aiki. Kada a kyautar."