Azumin Kaka da Rigar Ulu

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ina gida, an ba mu hutu daga makarantar kwana ta 'yan mata. Gidanmu na Fagge gidan Barebari ne da suka daɗe a Kano, har Barbarcin ya rage sai a bakin tsofaffi. Cikin tsofaffin akwai kakata, mahaifiyar Babanmu, wadda tun tasowarta ba ta taɓa ajiye azumi don ciwo ko tafiya ba, ban da uzurin da Allah ya ɗora wa mata. Ba ta da wani abin alfahari da ya kai wannan, kuma takan yi mana gori da shi, mu jikoki, in ta ga mun lanƙwashe tun kafin azahar.

Zafin shekarar ya wuce misali. Bango yakan yi ta huci har bayan magariba, ruwan randa kansa sai ka ji shi da ɗumi. A goman farko Kaka ta yanke jiki ta faɗi a bakin ɗakinta da la'asar. Baba ya zauna ya yi mata bayani a hankali, cewa malamai sun yarda tsoho ya sha ya ciyar. Ta ce to, in ya ga tsohon sai ya gaya masa.

Akwai wata tela, Ibo ce Kirista daga Sabon Gari, da take sayen atamfa a wurin Baba, take kuma shigowa gidanmu ta auna mata. Kaka tana ce mata 'yata ta Sabon Gari, ita kuma tana ce wa Kaka Mama. Ita ce ta fara kawo zancen Jos. Mijinta kuku ne a gidan wani Bature, kuma duk bazara tare suke hawa can kan dutse, Baturen ya huta, shi ya yi girki.

Baba ya tafi da ni gidansu don ya ji daga bakin mai ita. Kukun ya sa mana kujeru a barandar ɗakinsu, ya ba mu haƙuri da ba zai iya ba mu ko ruwa ba saboda muna azumi, sannan ya shiga labari. Ya ce haƙar kuza ce ta fara kai Turawa can, da suka ji iskar ta yi kama da ta garinsu sai suka gina gidajen hutu, don ma'aikacin da zafi ya cinye ya je ya murmure ba sai ya koma Ingila ba. Ya ce akwai murhu a cikin bangon falo, da yamma a hura wuta a zauna ana jin ɗumi. Akwai furanni jere a bakin hanya waɗanda ba a ci ba a sha, kallo kawai. Shi kam shekara da shekaru ta ƙofar baya yake shiga, yana kwana a ɗakunan boyi-boyi, amma ya ce sanyin bai san ƙofar gaba da ta baya ba, kowa yana samun rabonsa. Ya yi dariya ya ce yanzu da ake ta zancen mulkin kai, ya fara ganin manyan ma'aikata baƙar fata a kan kujerun da yake gogewa.

Ni tun daga nan hankalina ya tafi. A makaranta an koya mana cewa ƙasa in ta yi tudu iskarta takan yi sanyi, na kuma rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa tunanin akwai garin da gajimare ke saukowa ya taɓa kan duwatsu ba, kuma a ƙasarmu.

Kaka ta ƙi. Ta ce gudun zafi gudun lada ne, kuma ita ba matar Joji ba ce da za a ɗauke ta zuwa shan iska. Sai Baba ya sauya hanya. Ƙanwarsa, gwaggona, tana aure a Jos, ta haihu, Kaka ba ta ga jaririn ba. Ya daina zancen sanyi ya koma zancen zumunci. Kaka ta gane sarai, amma an ba ta ƙofar da za ta fita ba tare da jin kunya ba, sai ta ce za ta je, da sharaɗin ba za ta sha azumi a hanya ba ko da an ce matafiyi yana da izini. Aka ce ni zan raka ta.

Telar ta zauna ta saƙa wa Kaka rigar sanyi da zaren ulu mai ruwan toka, mai kauri, irin wadda ta ga matar Baturen tana sawa. Ta aiko da ita ana jibi tafiya, ta ce kyauta ce.

Ranar tafiya muka isa tashar mota ta Sabon Gari da hantsi. Kaka ta fito da rigar a jikinta, a kan rigarta, ta kuma zame mayafi gefe don a gani. Na ce mata sanyin yana can gaba, ta bari sai mun hau dutse. Ta ce boko bai koya mini komai ba. A tarbiyyarta, wanda ya yi maka sutura dole ya gan ta a jikinka, in ba haka ba ka raina kyautarsa. Ga telar kuwa ta zo rakiya da mijinta.

Motar katako ce, kuma ba ta tashi sai ta cika. Muka zauna a benci a bayanta, rana tana hawa, 'yan kamasho suna ta kiran fasinja. Telar ta roƙi Kaka ta cire rigar. Kaka ta ɗauka kara ce irin ta mai kyauta, ta ce ai daɗinta take ji, kamar an auna. Ita kuma telar, a nata ladabin, ba a juya wa uwa baya sai motarta ta tashi. Haka suka tsare juna, ɗaya ba za ta cire ba sai ɗaya ta tafi, ɗaya ba za ta tafi ba sai ɗaya ta tashi. Baba yana can gaba yana magana da direba. Ni ina kallon gumi yana bin tsagen fuskar Kaka, ina yi mata fifita da gefen mayafina.

Wajen azahar kanta ya kwanta a kafaɗata. Aka sauko da ita inuwar wata rumfa, telar da kanta ta zare rigar tana kuka. Aka yayyafa mata ruwa har ta buɗe ido, amma leɓenta ya bushe, maganarta ba ta fita sosai. Baba ya durƙusa a gabanta da kwanon ruwa.

"Iya, ki sha. Ba ni na ba ki izini ba, Allah ne. In kika ƙi, kyautarsa kika mayar."

Ta dube shi. Sannan ta karɓa ta sha, hawaye yana zuba cikin kwanon. Da ta sami kanta, abin da ta fara yi shi ne kamo hannun telar.

"'Yata, rigarki ba ta da laifi. Ninke mini ita da kyau."

Da ta warware muka koma mota. Mun isa Jos, na kuma ga gajimaren, ya fi yadda na zata. Duwatsu a ɗore kan juna kamar wani ya jera su ya manta. Mijin gwaggo ya zaga da mu unguwar Turawa, muka hango gidajen hutun ta bayan shinge, da hayaƙi yana fita ta saman rufi. Kaka ta ce mutanen da ke hura wuta a cikin ɗaki da bazara sai a yi musu addu'a. Amma ta ci dankalinsu da buɗa-baki, ta goyi jaririn, ta kuma ƙarasa azuminta lafiya, da rigar a jikinta kullum da asuba.

Bayan Salla gwaggo ta ce wa Kaka ta rama ranar da ta sha tun tana cikin sanyi. Kaka ta ce a'a. Ranar Kano ta sha, ba za ta biya ta da ranar Jos ba. Sai da muka dawo Fagge, damina ba ta riga ta sauka ba, ta ɗauki azuminta. Baba bai hana ta ba, sai dai bai je kasuwa ba ranar. Muka shimfiɗa mata tabarma kusa da randa, ni ina fifita, telar tana jiƙa zani tana ratayawa a ƙofa. Kaka tana kwance tana yi mana faɗa cewa mun mayar da ita majinyaciya, har ladan ya kira magariba.