Ranar da Aka Sauke Haruna daga Kan Inji

Har gobe ban manta da ranar da aka raba mu da Haruna ba. Lokacin ina muraƙib, wato mai kula da masu lodi, a wani siton shinkafa a unguwar Khumra da ke Jidda, shi kuma yana tuƙa injin ɗaga kaya. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya zo Hajji daga Katsina bai koma ba. Rabin Hausarsa Larabci ne, ni ma "ya ammi" yake ce mini, wato baffa.

Kullum muka zauna cin abinci sai ya kunna wata tsohuwar waƙar Jamaika a wayarsa. Rannan na ce, "Haruna, wai me masu tukkun gashin nan suke faɗa?"

Ya ce, "Ya ammi, 'yan Rasta ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Labarin waɗanda aka raba da ƙasarsu ne, sun zauna bakin kogi suna kukan gida. Gwamnatinsu ta taɓa hana sa ta a rediyo, daga baya duk duniya ta ɗauka." Ya yi 'yar dariya. "Su dai sun san inda suke son komawa."

Wata Alhamis muna tsakar sauke kwantena jami'ai masu binciken takardun baƙi suka shigo. Ƙa'ida ita ce a kashe injuna, kowa ya shiga layi ya nuna iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Ta Haruna ta daɗe da mutuwa, don kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rufe kamfani ya ɓace. Bai yi gardama ba. Ya miƙo mini makullin inji ya bi su.

Na ruga ofishin manaja na ce, "Ya mudir, mutumin nan yana da mata da yara a unguwar Waziriyya."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ba mu ne kafilinsa ba. Halas, magana ta ƙare. Yalla, maza a nemo wani direba, kwantena na jira."

Kafin la'asar wani ya hau injin.

Kano aka kai shi, inda bai san kowa ba. Sau ɗaya ya kira ni. "Ya ammi, can ana ce mini Takari, nan kuma Balarabe. Yarana fa?" Daga baya lambar ta daina shiga.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani: buhu ya fashe sai an bi ba'asi, amma mutum ya ɓace ba mai tambaya. Ku san gidan abokin aikinku tun yana nan, don ranar da aka tafi da shi, in ba ku ba, babu mai ƙwanƙwasa ƙofar iyalinsa.