Ƙarfen da Baba Ya Ƙi Bugawa

Jiya a Kamazou mai faci ya doki rim, ƙarfen tayar mota, da guduma, sai na tuna Baba, ƙanin mahaifina. Irin wannan ƙarfen ne ƙararrawar cocinmu a Trikania, rataye a bishiyar mangwaro. Shi ke buga shi kowace Lahadi, hannunsa kullum warin tsatsa.

Lokacin da soja ke shirin miƙa mulki, masaƙar da yake wa aiki ta sallame shi. Wani abokinsa mai neman kansila ya same mu a gindin mangwaron.

"Buga mini ƙarfen nan jama'a su taru," in ji shi. "In na ci, ka samu aiki."

Baba ya ce, "Ai ba nawa ba ne. Don Ubangiji kaɗai ake buga shi."

Da mutumin ya tafi na ce, "Baba, 'ya'ya biyar fa!"

Ya ce, "Wanda ya ba ni su ya san yawansu."

Abokin ya ci zaɓe, ya gina bene. Baba ya ƙare a aikin gadi, a gidan haya. Ranar jana'izarsa da aka buga ƙarfen, coci bai ɗauke mu ba.

Mai ƙarfen ya kira shi. Allah ya sa ya tarar da ƙofa a buɗe.