Tambayar da Na Jefa a Kwali

Ina aji biyar a sakandare aka kawo mana wata nas makaranta. Aka tara mu 'yan mata a ɗakin taro, maza aka kai su wani aji. Ana ruwan sama, rufin kwano sai ƙara yake, dole ta riƙa ɗaga murya.

Ta yi maganar jinin al'ada, da ciki, da cututtukan da ake ɗauka. Duk mun sha ji. Daga nan ta ajiye kwalin sabulu a kan tebur, ta ce kowa ta rubuta tambayarta ba suna, ta jefa a ciki.

Na rubuta: "Idan yarinya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta yi shiru kawai, laifinta ne?"

Wata biyu kafin nan, ɗan maƙwabtanmu a unguwar Daɗin Kowa yake koya mini lissafi saboda jarrabawa. Ɗalibin jami'a ne, Mama ce da kanta ta roƙe shi. Wata rana da la'asar na je gidansu ba kowa, ya mayar da ƙofa ya kulle. Ban yi ihu ba. Kalandar da ke bango na yi ta kallo har ya buɗe ƙofar. Na ɗauki littafina, na koma gida, na wanke kwanuka. Washegari ma na je makaranta.

Takardata ce ta biyar da nas ɗin ta zaro. Da ta karanta, wasu a baya suka yi dariya. Ta jira har suka gama.

"Shiru ba yarda ba ne," in ji ta. "Tsoro yana daskarar da mutum, ko yatsa ya kasa ɗagawa. Wadda ta rubuta wannan, ba laifinki ba ne. Ina ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwar Terminus kullum har ƙarfe biyu."

Na zata zan yi kuka. Ban ji komai ba. Ƙawata ta miƙo mini gyaɗa ta ƙarƙashin benci, na karɓa na ci.

Sai bayan kwana tara na je asibitin, da kayan makaranta a jikina. Nas ɗin ba ta tambaye ni me ya sa ban gudu ba. Ta ɗebi jinina, ta ba ni kwalbar gwajin fitsari na shiga banɗaki. Babu ciki. Sauran gwajin ta ce in dawo a maimaita bayan wata guda.

"Wa za ki iya faɗa wa a gida?"

"Ba kowa, Sista."

"Sake tunani."

Na ce ƙanwar Mama, tela ce, shagonta na nan kusa. Tare da nas ɗin muka je. Anti ta tsayar da keken ɗinki, ta saurara har ƙarshe, ta rufe shago da rana tsaka. Ita ta yi wa Mama bayani a ɗaki, ni ina zaune a tsakar gida ina feraye dankali.

Da Mama ta fito idonta ya yi ja. Ta daɗe tsaye a kaina.

"Ni na tura ki," ta ce.

Ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan maƙwabtan, na jiyo muryoyi ta katanga. A satin nan suka kwashe wa ɗan nasu kaya ya koma kusa da jami'a, gaisuwa ta mutu tsakanin gidajen biyu. Anti ta so a je wurin 'yan sanda, Baba ya ce a bari. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaye ni a lokacin ban san me zan ce ba.

Gwaji na biyu ma ya fito lafiya. Na ci jarrabawar lissafi. Kukan sai bayan shekara huɗu ya zo mini, a cikin motar haya a Titin Bauchi, har kwandasta ya tambaye ni ko an yi mini rasuwa.