Gawon da na rena a gonar wani

Lokacin da aka kawo ni gidan miji a ƙauyenmu na hanyar Kornaka, kowa tumɓuke tohon gawo yake yi tun yana ƙarami. Dalili kuwa, icce in ya girma na gwamnati ne, ko a tsakiyar gonarka yake. Ka sari reshe ɗaya, 'yan gandun daji su zo su ƙwace gatari su ci ka tara. To wa zai rena wa kansa fitina?

Ni na rena. Taurin kai gare ni tun ina yarinya, ban kuwa musu. In an zo sassabe sai in riga maza zuwa gona, in ɗaura wa toho tsumma don kada a sare shi. Mijina ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ke da gwamnati ku ƙarata. Awakina da 'ya'yan gawon nan suka riƙa fidda rani, hatsin da ke ƙarƙashinsu kuma ya fi na ko'ina kai.

Bayan rasuwar mijina na ci gaba da noma gonar da yarana, ko da yake gonar gado ce da ba a raba ba, kuma wansa ne babba a gidan. Shekara da shekaru bai taɓa leƙa ta ba.

Sai ga sabuwar doka. Rediyo ya faɗa, aka maimaita a meri, ofishin magajin gari, can Dakoro: icce ya daina zama na gwamnati shi kaɗai, manomi na da iko da nasa. Na yi murna wallahi, har guɗa na yi a tsakar gida. Ashe wan mijina shi ma ya ji, amma kunnensa abu ɗaya ya ɗauka: icce ya zama na mai gona. Kasuwa ba ta zagayo ba sai ga shi da amalanke da masu sara, wai ya yi ciniki da wani mai sayen icce daga Maradi.

Na tarar sun fara da babban, wanda na fi so. Raina ya ɓaci. Na je na jingina bayana daidai inda gatari ya ci, na ce:

"Yaya, ka ce su sara. Amma da ni za su fara."

Ya kira ni mara kunya, ya ce baƙuwa ce ni a gidan ubansa. Na ce baƙuwar da ta haifa wa gidan 'ya'ya. Masu sara suka ajiye gatura suka koma inuwa, inuwar tawa kuwa.

Magana ta kai gaban maigari, aka kira ma'aikacin gandun daji ya zo a kan babur. Mutumin da na yi shekaru ina ɓoye wa gatari, ranar shi na zauna jira kamar ɗan'uwa. Ya ce dokar a kan wanda ya rena icce take magana, ba a kuma kada shi haka kawai don an ga mai saye. Tsofaffin ƙauye suka shaida tsummokarana, har da waɗanda suka yi mini dariya a da.

Wan mijina ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce to shi ke nan, ta riƙe iccenta, shi ya karɓi gonar ubansa. A nan babu dokar da ta tsaya mini. Maigari ya ce gonar gado ce, ya bar masa ita. Na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye ba, don gonar nan ita ke ciyar da mu.

Yanzu aron gona nake nesa da gari, ƙasa mara ƙarfi. Amma duk rani ina ratsa gonarsa da rana tsaka, gatari a kafaɗa, awaki a bayana. Nakan gaishe shi yadda ya kamata, in wuce in sassabe rassan iccena. Ba ya amsawa, kuma bai ƙara kawo masu sara ba.