Ƙwallayen da Baba Ya Shuka

Shekarar da aka turo ni koyarwa a lise ta Gure, wato babbar sakandare, ji nake kamar ni na ƙirƙiro kimiyya. Na dawo garinmu da takardar jami'a da bakin da ba ya gajiya. Darasin halittu nake koyarwa, kuma babin da na fi so shi ne na ADN, zaren nan da ke cikin ƙwayar kowane mai rai, wanda ke ɗauke da bayanin yadda jikinsa zai kasance. Nakan rubuta haruffansa huɗu a tabulo, allon aji, in nuna yadda ake karanta su uku-uku, sannan in juyo in tambayi aji ko sun taɓa ganin wasiƙar da ta rubuta kanta. Su ce a'a, ni kuwa in ji daɗi har cikin raina.

Akwai wani abokin aikina mai koyar da falsafa, mutumin Damagaram, da muke shan shayi tare a gindin dogon yaro in an tashi. Yana sallarsa kamar kowa, amma bai taɓa karɓar hujjata ba.

Yakan kira ni yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, haruffan nan mu muka laƙaba masu. A cikin ƙwayar babu alli, babu tawada, sinadarai ne ke kama juna. Ka riƙe imaninka, amma kada ka jingina shi da misalin da ɗan Adam ya ƙaga."

Ni kuma in ce tsari irin wannan, da ake adanawa, a kwafa, a karanta, ba ya zuwa haka kawai, kuma duk inda aka ga rubutu akwai marubuci. Mu yi ta ja har shayi ya huce. Ban taɓa kayar da shi ba. Shi ya sa na dinga neman wanda zan kayar, kuma a gidanmu na same shi.

Mahaifina mai lambu ne a wani kwari da ke bayan gari, irin kwarurrukan nan namu da tuddan rairayi suka kewaye, inda ruwa yake kusa da ƙasa. Yana noma rogo da rake da ɗan albasa, amma abin alfaharinsa wata dabinuwa ce guda ɗaya da kakana ya dasa. A kwarin akwai dabino da yawa, galibi wanda ya tsiro daga ƙwallon da wani ya tofar, kowa yana karɓar abin da ya samu. Ita wannan daban take. 'Ya'yanta manya ne, masu taushi, ƙwallon ɗan siriri. Har daga Gidigir ake aikowa a tambaya ko ta nuna.

Matsalar ita ce tana gefen gabas, kuma tudun da ke can tafiya yake. Kowace shekara yana cin taku biyu ko uku. An yi shinge da kirare, ya haɗiye shingen.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya kira ni zaure. Ya ce akwai toho guda huɗu a gindin dabinuwar, sun isa cirewa. Yana so in hutun lakwal ya zo, an rufe makaranta, in kama masa mu tone su, mu raba su da uwar, mu kai su gefen yamma inda yake da ɗan fili kusa da rijiya. Aiki ne na ƙarti biyu da diga da gatari, na kwanaki, shi kuma bayansa ya fara gazawa.

Ni na riga na shirya tafiya Damagaram a hutun nan. Gaskiyar ke nan, kuma na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Ba na son tono, ba na son ƙayar dabino, ba na son ɗalibaina su gan ni cikin taɓo har gwiwa. Da na ce masa haka kai tsaye, da ya yi tsaki ya nemi wani. Amma ina, sai na gyara zama na buɗe masa aji.

Na ce, "Baba, wannan duk wahalar banza ce. Dabinuwar nan gaba ɗayanta a rubuce take cikin kowane ƙwallonta. Tsawonta, zaƙinta, komai. Ka shuka ƙwallayenta a yamma, shi ke nan."

Ya girgiza kai. "Mushe, mu dai abin da muka tarar, ƙwallo ba ya bin uwa. Toho ne ke bin ta."

Mushe yake kirana tun ranar da na fara aiki, rabi zolaya, rabi alfahari. Na yi masa bayanin haruffa huɗu. Ya saurara da kyau, ya sake cewa shi dai bai ga ƙwallo ya bi uwa ba. A nan ne na jefa masa tambayar da har yau in na tuna ta nake jin kunyar kaina.

"To Baba, Wanda ya rubuta abin da ke cikin ƙwallon, kana nufin yana kuskure ne?"

Ya ɗago da sauri ya ce, "A'uzu billahi." Ya maimaita. Sai ya kama jan gezar tabarma. Mutum ne da bai yi karatu mai zurfi ba, kuma yana tsoron Allah tsoro na gaske. Na san haka, shi ya sa na zaɓi wannan ƙofar. Na ɗauki sunan Ubangiji na toshe bakin ubana da shi don kada in riƙe diga, na tashi ina jin na yi nasara.

Da na dawo daga hutu, na tarar ya shuka ƙwallo goma sha biyu a filin yamma, kowane da ɗan shingen ƙaya saboda awaki. Bai nemi kowa ya cire tohon ba. Ina jin ya ɗauka yin hakan shakka ce ga abin da ɗansa mai ilimi ya ce Allah ya rubuta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san amsar. Babin da ke bin na ADN a littafina shi ne na gado, kuma kowace shekara ina koyar da shi. Ƙwallo rabinsa daga uwa ne, rabinsa daga namijin da aka yi barbara da furensa, kuma kowane karo sai an cuɗa su an sake rabo, ba a samun biyu iri ɗaya. Toho kuwa jikin uwar ne da kanta. Na sha jan layi da jan biro a takardar ɗalibin da ya kasa gane wannan. Na ga shuke-shuken Baba sun fito, na ce a raina zan gyara maganar hutu mai zuwa. Hutu ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Furta "na yi kuskure" a gaban tsohon ya fi mini tono wuya.

Rairayi bai jira ni ba. Tohon ne a ƙasa, su ya fara binnewa. Uwar ta ƙara wasu shekaru tana tsaye a cikinsa har wuya, tana ba da 'ya'ya kaɗan-kaɗan, sannan ganyenta ya bushe.

Baba kuwa yana ta jan guga. Shekara shida yana shayar da ƙwallayen nan da bayan da ba ya miƙewa. Da suka fara fure, bakwai maza ne, ba za su taɓa ba da ko ɗaya ba. Matan biyar ya yi masu barbara da hannunsa. Ina wurin ranar da ya tsinki na fari. Fata ce a kan ƙwallo, ga bauri mai kama harshe. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce alhamdulillahi, ya matsa ga ta gaba. Ita ma haka. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Abokina mai falsafa an daɗe da yi masa sauyin wurin aiki. Har yanzu ina koyar da haruffa huɗun, kuma har yanzu in na dube su ina ganin abin mamaki da ke sa ni tasbihi. Ko hujja ce da za ta ɗaure wanda bai yarda ba, ban sani ba, na daina rantsuwa a kai. Tambayar wasiƙa kuwa ban sake yi wa wani aji ita ba.

Masu lambu ba su da tausayi a baki. Labari ya bazu cewa tsohon da ya fi kowa sanin dabino ya bar toho huɗu a rairayi ya je yana shuka ƙwallo. A kasuwa ana tambayarsa ko mazan nasa sun haihu. Wata rana a gabana wani maƙwabcinsa na kwari ya ce masa, "Wai wa ya ba ka wannan shawara, Malam?"

Baba ya yi dariya ya ce, "Ni na ba kaina. Tsufa ne."

Ina tsaye da jakata a hannu. Kalma biyu ta isa, "ni ne", ban faɗe ta ba.

Ya rasu bayan damina biyu. A zaman makoki, maƙwabcin nan ya zo ya zauna kusa da ni, ya riƙe hannuna, idonsa da ƙwalla. Ya ce shekara arba'in suna lambu kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa ganin mai hannu irin na Baba ba.

"Kuskurensa ɗaya a duniya ƙwallayen nan ne," in ji shi. "Allah ya gafarta masa."

Na ce amin.